Amsa ga Malama mai neman littattafan kyauta don ɗakin karatun lakwal

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce kun samu ɗaki a lakwal ɗinku ta Tibiri, littattafan ciki ba su kai hamsin ba, an kuma gaya miki intanet cike yake da littattafan kyauta, na karantawa da na saurare, amma kin rasa ta ina za ki kama. Shekara shida ke nan ina taimakawa a wani ɗan ɗakin karatu na unguwa nan Maradi, bari in ba ki abin da na gani.

In fara da kunyar da na sha. Shekarar farko duk PDF ɗin da ya faɗo mini a WhatsApp sai in zuba a kwamfutar ɗakin, har da littattafan Hausa na soyayya da ƴan mata ke rububi. Rannan wata ɗaliba tana dubawa ta tsaya cak, ta ce: "Mushe, wannan ai na gwaggona ne, jika guda take sayar da shi." Na rasa bakin magana. Ashe ni da nake ganin alheri nake yi, abincin wata nake rabarwa. Abin da ya zo hannunki ba ki biya ba daban, wanda mai shi ya yarda a raba daban. Aikin mai kula da ɗakin karatu shi ne ya tantance su kafin yara su ɗauka.

Na halas iri biyu ne. Akwai waɗanda suka tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi. A Faransa, alal misali, sai marubuci ya shekara 70 da mutuwa. Shi ya sa za ki samu Victor Hugo, wanda ya rasu a 1885, da Molière da La Fontaine a Gallica, taskar babban ɗakin karatun Faransa, ko a Project Gutenberg da Michael Hart ya fara a Amurka tun 1971, mai littattafai sama da 70,000. Amma ƴan koleji da lise za su tambaye ki Mariama Bâ ko Abdoulaye Mamani. Ita ta rasu a 1981, shi a 1993, don haka nasu sai dai a saya na takarda, ko da kwafi biyu ne a riƙa karɓa-karɓa.

Iri na biyu su suka fi yi mana amfani: sababbin littattafai da masu su suka sa wa lasisin Creative Commons. Ki duba shafin farko ko na ƙarshe. In kin ga CC BY, ki kwafa, ki buga, ki fassara, ki dai bar sunan marubuci da mai zane. In akwai NC ba a sayarwa, in akwai ND ba a sauya komai. Don ƴan firamare, African Storybook na Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya, da Bloom Library duk suna da labarai da Hausa masu hotuna. Yawanci Hausar Najeriya ce, za ki ci karo da "aji uku" inda yaranmu suka san CE1, amma tunda lasisin ya yarda, ni gyarawa nake kafin in buga.

Ga masu son tsohon abu, taskar intanet ta Internet Archive na da littafin tatsuniyoyin Hausa da wani Bature, Rattray, ya fitar a 1913, har da ajami. Wani dattijo, malamin allo, ya kwana uku yana zuwa dominsa kaɗai.

Na saurare kuwa, LibriVox ne babba. Tun 2005 ƴan sa kai ke karanta tsofaffin littattafai suna sakawa. Turanci ya fi yawa, amma akwai Faransanci. Litteratureaudio.com kuma Faransanci ne zalla. Sai dai ki yi hattara da mega: littafin EPUB (irin wanda ake karantawa a waya ko kwamfuta) marar hotuna sau da yawa bai kai mega ɗaya ba, murya kuwa awa guda tana cin kusan mega 30. Kada ki ce kowane yaro ya sauke da forfe ɗinsa. Mutum ɗaya ya sauke inda rezo ke da ƙarfi, a zuba a kart memwar, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth. Ki sa Kiwix ma a kwamfuta, a karanta Wikipedia ba intanet.

Inda na fi jin daɗi shi ne muryar Hausa, don ita ce ta yi ƙaranci, sai muka koma yin tamu. Mukan zaɓi labari mai CC BY, ɗalibi mai murya ya karanta a waya bayan isha'i, lokacin da ƴan kabu-kabu suka rage, mu jingina katifa a taga saboda ƙara. Ya fara da faɗin sunan marubuci, sannan labari. Na farko sau bakwai muka sake shi, akuyar maƙwabta ta ƙi yin shiru. Yanzu iyaye mata da ba su yi lakwal ba su ke aiko yara da ƙananan wayoyinsu a sa musu.

Ki fara da littattafai talatin da kika karanta da idonki, ki jera su aji aji, ki rubuta lasisin kowanne a kaye. In kina so, ki aiko kart memwar mai jiga 8 ta hannun wani mai shigowa Maradi, in zuba miki namu.