Amsoshin tambayoyinku: ƙwan tsaka mai zanen damisa ba ƙwan kaza ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchesta da iyalina. Ɗana yana kiwon tsaka mai zanen damisa, mace, watanta takwas da ƙyanƙyashewa. Muna so mu saya mata namiji su hayayyafa. Na ga wani injin ƙyanƙyasar kaji mai araha, irin wanda Baba ke amfani da shi a Zariya. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi wannan injin, ko da kyauta aka ba ka. Injin kaji yana riƙe zafi a wajen digiri 37.5, kuma yana jujjuya ƙwai. Dukansu biyun kisa ne ga ƙwan tsaka. Ɗan da ke ciki yana manne wa gefen ɓawon sama tun kwanakin farko, in aka kifa ƙwan sai ya mutu. Shi ya sa masu kiwo ke ɗiga alama da fensir a saman ƙwan kafin su ɗaga shi, su ajiye shi daidai yadda uwar ta bar shi.

Kuɗinka ya tafi kan abu uku: na'urar daidaita zafi mai kyau, ma'aunin zafi na dabam da zai tabbatar maka na'urar ba ta yi maka ƙarya ba, da ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Akwatin kuwa ko kular roba ta isa, a shimfiɗa tabarmar ɗumi a ciki. Ƙwan yana kwanciya ne a ƙaramin mazubi mai murfi, a kan bamikulayit, wato ƙasar nan mai ƙyalli da masu lambu ke zuba wa tukwanen shuka. Ka auna ta, ka zuba ruwa kusan daidai nauyinta. In ka dunƙula a hannu ta haɗu amma ba ta ɗiga ba, ta yi. Ɓawon ƙwan laushi ne da shi kamar fata. In ka ga ya fara loɓawa tun da wuri, danshi ne ya yi kaɗan.

Abin da ke ba ni sha'awa har gobe shi ne zafi ne ke zaɓar jinsi. A digiri 26 zuwa 27 yawanci mata za su fito, amma za ka jira wajen wata biyu. A 31 zuwa 32 maza sun fi yawa, kuma cikin kwana 35 zuwa 45 an gama. Tsakanin nan a gauraye suke fitowa. Ga mai farawa, ni shawarata ya nemi mata su fito, domin maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, faɗa suke har jini.

Sai dai na fi damuwa da uwar. Wata takwas ta yi ƙanƙanta. Ka bari ta cika shekara, ta kai aƙalla giram 50, wutsiyarta ta yi kauri, don a nan take ajiye kitse. Ƙwai biyu take sakawa a lokaci ɗaya, bayan mako biyu zuwa uku ta sake, kuma haɗuwa ɗaya da namiji na iya isar ta duk tsawon lokacin saka ƙwai na shekarar. Kowane ɓawo daga jikinta yake cin kalsiyam. A riƙa barbaɗa garinsa a kan gyare da tsutsar da take ci, a kuma ajiye mata kwanon damshin ƙasa mai rufi da za ta haƙa ta saka ƙwai. Kafin duk wannan, ku zauna da yaron ku lissafa: in 'ya'ya goma suka fito, kowanne da mazubinsa da abincinsa, wa zai karɓe su? Dabba ce da ke iya kai shekara 15 zuwa 20.

Tambaya: Daga Kano nake. Mahaifiyata ta ce tsaka dafi gare ta. Kuma shin ƙwanta zai ƙyanƙyashe a zafinmu?

Amsa: A gaishe da Hajiya. Wannan tsakar ba ta da dafi, kuma ba irin ta bangon ɗaki ba ce. Asalinta ƙasashen duwatsu ne na Afganistan, Fakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. Tana da fatar ido da take rufewa, ba ta kuma iya hawa bango. Abin kiyayewa shi ne ƙwayar cutar salmonela da dabbobi masu jan ciki ke ɗauka, don haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Amma in Hajiya ba ta yarda ba, gidanta ne, ka haƙura.

Maganar ƙwai, matsalarka sanyaya shi ce. A watan Afrilu ɗaki a Kano yakan wuce digiri 35, wannan kuwa ya isa ya lalata ƙwan. Sai injin da ke ɗumamawa yana kuma sanyayawa, da batir ko sola da ba ta yankewa. In ba ka da tabbacin wuta, ka yi kiwo kawai, ka bar ƙyanƙyasa.

Tambaya: Mai sayarwa yana ta yaba mini launin da ake kira Lemon Frost. Ya dace da hayayyafa?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Kyakkyawa ce, fara da ruwan ɗorawa mai haske, amma yawancinsu ƙari ke fito musu a fata. Binciken da masana suka wallafa a Amurka a 2021 ya danganta launin da ƙarin ga ƙwayar halitta ɗaya, wato wanda ya gaji launin ya gaji haɗarin. Haka nau'in Enigma, ana samun masu karkata kai da zagaye wuri ɗaya, har kama abinci ya gagare su. Ki nemi ta asali, rawaya mai ɗigon baƙi, mai ido garau da wutsiya cike. Ki ce mai sayarwa ya ɗora ta a sikeli a gabanki, ya kuma gaya miki ranar da aka ƙyanƙyashe ta.