Rufin Ɗakin Tsohon Jirgin Katako Yana Yoyo

Tambaya: Ni kafinta ne a Legas. An ba ni aikin gyaran rufin ɗakin wani tsohon jirgin ruwa na katako, irin mai tafiya da iska. Rufin yana yoyo, yana kuma lotsawa idan an taka shi. Mai jirgin yana so in shafe shi da faiba (ƙyallen zaren gilashi da ake mannawa da gam) kawai a wuce wurin. Shin hakan zai wadatar?

Amsa: Malam, ba zai wadatar ba, kuma ina ba ka shawarar ka faɗa wa mai jirgin haka tun kafin ka karɓi kuɗin aiki. Faiba a kan jiƙaƙƙen katako tana kulle danshi ne a ciki, sai ruɓewa ta ci gaba a ɓoye.

Galibin irin waɗannan jirage an yi rufinsu da siraran falankai a kan katakan da suka gitta ɗakin, aka lulluɓe da kambas, aka bi da fenti. Ruwan sama ne babban abokin gabansu, ya ma fi na teku ɓarna, domin funfunar da ke cin katako tana samun wurin zama da zarar danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100. Ka yaye kambas ɗin, ka bi da basilla kana tsokana, musamman kusurwoyi, da gefen ƙofar shiga, da duk inda ƙusa ta huda. Inda basilla ta nutse ba tare da turjiya ba, wurin ya mutu, sai yankewa har ka kai ga lafiyayyen katako. Ka rufe hanci yayin kankare tsohon fenti, don sau da yawa akwai dalma a cikinsa.

Lotsawar da ka ambata ta fi damuna, domin alama ce cewa katakan da ke tallafe rufin sun tsage ko sun ruɓe. Wanda ya tsage ana iya ɗaura masa sabo a gefensa, amma ruɓaɓɓe sai sauyawa da siraran katakan maɗaci ko iroko da aka haɗa da gam ɗin ifoksi, aka lanƙwasa daidai da doron rufin. Idan sandan da ke riƙe filafilan jirgin a kan rufin yake zaune, dole ne a sami ginshiƙi a ƙarƙashinsa wanda zai sauke nauyin zuwa ƙashin bayan jirgin, wato babban katakon da ke miƙe a tsakiyar gindinsa.

Bayan komai ya bushe sarai, ka shimfiɗa filawud na jirgin ruwa mai lambar inganci ta BS 1088, rubi biyu masu kaurin milimita 6, ba tare da mahaɗin na sama ya hau kan na ƙasa ba. Sukurori su zama na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. A nan ne faiba da ifoksi za su yi amfani, sannan fenti a kai, saboda rana tana cin ifoksi. Kada ka ƙara kauri fiye da haka da sunan ƙarfi, domin nauyi a sama yana rage wa jirgi daidaito a kan ruwa.