Kafin ki sa hannu, gwada ejan ɗin tukuna

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ejan, wato wakilin kamfanin inshora, ya tabbatar miki cewa in kika yi wa shagonki inshora komai ya faru za a biya ki, kina tambaya ko ki yarda. Toh ni na daɗe ina aiki a sashen biyan diyya, can ne mutane ke zuwa bayan mai afkuwa ta afku, kuma wallahi yawancin rigimar da muke sha daga bakin ejan take farowa. Ba wai duk maƙaryata ba ne fa, da yawansu su kansu ba su taɓa zama sun karanta takardar yarjejeniyar inshorar ba, abin da aka koya musu shi ne yadda za su shawo kan mutum, kamashonsu kuma a kan abin da suka sayar yake, ranar neman diyya ko ƙeyarsu ba za ki gani ba.

Babu inshorar da ke biyan komai. Ki tambaye shi wannan, in kayan shagon sun kai miliyan 10 amma na rubuta miliyan 5 don kuɗin da zan riƙa zubawa ya yi sauƙi, sai wuta ta ci kayan miliyan 2, nawa za a ba ni? In ya ce miliyan 2 to bai san aikinsa ba. A yawancin yarjejeniyoyi miliyan 1 ne, tunda rabin kayan kika yi wa inshora rabin asarar za a biya, sannan a cire wani kaso da aka rubuta tun farko cewa ke za ki ɗauka. Na sha ganin ɗan kasuwa ya dafa tebur idonsa ya kawo ruwa saboda wannan, kuma ejan ne ya ba shi shawarar rage lissafin.

Sannan inshorar gobara ba lallai ta haɗa da ambaliya ba, ta sata kuma sau da yawa sai an ga alamar an ɓalle ƙofa ko an fasa gini, in yaron shago ne ya kwashe wannan wata inshora ce daban.

Abin da ya fi damuna shi ne fom ɗin neman inshorar. Don Allah kar ki bari ya cike miki ke kuma ki sa hannu kawai. In an taɓa yin gobara a wurin ko kina ajiye gas ko fetur a ciki ki faɗa, ko da ya ce ba komai, domin in kamfani ya gano an ɓoye zai iya ƙin biya gaba ɗaya, kuma sa hannunki ne a kai ba nasa ba.

Ki karɓi cikakkiyar takardar ki tafi da ita gida, ki fara karanta shafin abubuwan da ba a biya. Duk alƙawarin da ya yi da baki ki ce ya nuna miki layin da aka rubuta shi, in ya kasa ki kira ofishin kamfanin da kanki su ba ki amsa a rubuce.