Amsa ga ɗiyar ƙanena kan kwance, bosho da awon gida

Ɗiyata, ina gajiya, ina mai gidan da yaran? Saƙonki ya iso. Kin ce uwar mijinki ta aiko miki da kwancen 'ya'yan yayarsa, kina jin nauyin sa wa naki don kada a ce mijinki ya gaza. Kin kuma tambaya ko al'ada ta yarda a yi wa yaro kayan salla daga bosho, wato gwanjon kasuwa, tunda kuɗin cefane ba ya kai ku ƙarshen wata.

Ki karɓi kwancen nan hannu biyu, ki je da ƙafarki ki yi godiya. A Damagaram tufar yaro tana sauka ne daga babba zuwa ƙarami har ta zama tsumma, kuma ba a aika kwance gidan bare. Wadda ta aiko miki ta lissafa 'ya'yanki cikin jikokinta ne. Masu cewa kayan aro ba ya rufe katara sun yi gaskiya, sai dai kwance kyauta ne, ya zama naki. Abin da al'ada ta tsananta a kai shi ne yadda ake bayarwa: a wanke, a ɗinke inda ya ɓarke, a ninke a ƙulle cikin ɗankwali, a miƙa a ɗaka ba a gaban baƙi ba. Wadda ta ba da kuma ba ta sake ambata. In ta ga rigar a jikin yaro ranar suna ta ce "ai ta ɗana ce", ta yi gori, kunyar tata ce. Ke ma idan naki sun girme wa kayan, haka za ki miƙa gaba.

Batun salla kuwa, abin da malamai suke karantarwa shi ne mutum ya sa mafi kyan abin da yake da shi. Sabo yana da daɗi ga yaro, ban musa ba. In da hali, turmin atamfa ɗaya, zane uku ke nan, yana fitar da riguna uku na ƙananan 'yan mata, muddin ba a yi ɗinki mai cin yadi ba. Ki kai wa tela tun Sha'aban, don da azumi ya raba kuɗin ɗinki ya tashi, aikin kuma na gaggawa ne. In babu hali, bosho mai kyau da ya sha wanki da guga ya wadatar. Bashi don kayan salla shi ne abin da ba na so ki fara.

Sayen bosho sai da ido. Ranar da aka yanke dila ana fara zaɓen na sama, shi ya fi tsada. Bayan kwana biyu ko uku sai a zube saura a tabarma a karya kuɗi, a nan ake samun na wasa da na kwana. Kada ki tafi da yaran, za su liƙe wa abin da ya fi ƙyalli. Ki tafi da zare mai ƙulli uku: faɗin kafaɗa, ƙugu, da tsawon ƙafa daga ƙugu zuwa idon sawu. Lambar da ke wuyan kayan Turai sau da yawa tsayin yaro ce da santimita, 104 na ɗan shekara huɗu, 116 na ɗan shida, 128 na ɗan takwas. Ki ɗauki wadda ta ɗara shi kaɗan, a naɗe ƙafar wando a kama da zare, baɗi a warware.

Kowace riga ki juya cikinta. Ki duba hammata da wuya da hantsar wando, nan ne ake fara mutuwa. Ki ɗaga ta ga rana: in haske yana ratsa gwiwa ko mazauni, yadin ya ci, wanki biyu zai yage. Ki ja robar ƙugu kusa da kunnenki, in ta yi ƙaras-ƙaras ta ƙone, sai ki cire kuɗin sabuwar roba daga cinikin. Zif a ja shi sama da ƙasa sau uku. Ki nemi auduga. Yadin leda a zafin Afrilu na garin nan ƙurajen zafi yake kawowa, kuma in yaro ya matso murhu tartsatsi ya taɓa shi, narkewa yake ya manne a fata. Na jariri ki cire duk maɓallin da ke lilo da igiyar wuya. Kamfai da safa a sayi sababbi ko da masu araha ne. Takalmin da dunduniyarsa ta cinye gefe guda a bar shi, yana karkatar da takun yaro. Rigar sanyi kuma a watan Maris ake sayenta, lokacin da mai kaya ke neman rabuwa da ita. Wanda ya jira Disamba ya saya da tsadar hunturu.

Warin nan na dila bai kamata ya taɓa fatar yaro ba. A jiƙa da omo a kwana, a wanke, a ɗauraye sau biyu, a shanya a rana mai ƙarfi da cikin a waje, sannan a goge, musamman bakin ɗinki inda ƙwarƙwata ke saka ƙwai. Na san halin ruwa a Zinder, saboda haka ki tara kayan ki yi wanki ɗaya, ruwan ɗauraya na ƙarshe ki jiƙa tsummoki da shi ko ki yayyafa tsakar gida.

To, cefane. Abin da ke cinye kuɗinku shi ne awon kullum a wurin mai tebur. A al'ada hatsi da mai da itace na wuyan mai gida ne, tattalinsu na hannun uwar gida, don haka ku zauna ku yi lissafin tare. Buhun hatsi mai kilo 100 tiya 40 ne, kowace tiya kusan kilo biyu da rabi. Gidan da ke cin tiya ɗaya a yini tsakanin fura da tuwo, buhu yana kai shi kwana 40. Ki auna naku na sati guda ki sani. Daga Oktoba zuwa Disamba, da kaka, hatsi da wake suna ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta suna sama, shekarar da damina ta yi gardama har su kusa ninkawa. Ki shiga adashen da kwasarki za ta faɗo a kaka, a sayi buhu uku ko huɗu na watannin tsada. Ranar Alhamis kasuwar Dole ke cika da mutanen ƙauye, Lahadi kuma Mirya, sai dai a lissafa kuɗin mota kafin a ce an yi araha. Idan OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar abinci, ta buɗe sayar da hatsi da rahusa, mijinki ya je ya yi layi, babu faɗuwar girma a ciki.

A je da tiyar gida, don akwai wadda aka doki gindinta ta rage ciki. A zura hannu har tsakiyar buhu a ɗebo a duba yashi da ƙaiƙayi. A ciji ƙwaya: in ta fashe ƙas ta bushe, in ta lotsa da sauran danshi, za ta yi fumfuna. Buhu ba ya zama a ƙasa ko jikin bango, a ɗora shi kan katako. Wake shi ne mai rigima, ƙwari na huda shi cikin wata biyu. A shanya shi ya bushe sarai, ya huce, a zuba a bido mai murfi a cika har baki a toshe, ko a buhu mai ninki uku a ɗaure kowane ninki daban. Ƙwarin na mutuwa don rashin iska, amma in ana buɗewa kullum aikin ya ɓaci, sai a ware na wata guda a waje. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu guba ce, kada ta kwana ɗakin da mutane ke barci.

Tumatir lokacin sanyi ake yanka shi a yi kauɗa, kuɓewa da yakuwa da zogale a ƙarshen damina, ganye a inuwa don kada ya dushe. Albasa tana sauka wajen Maris da Afrilu, a baza ta inda iska ke shiga, a riƙa tsince mai laushi. Tattasan Diffa a saya busasshe a daka da kanki. Da kuka da daddawa da garin ƙuliƙuli, miya tana tsayawa ko ba nama. Ranar da aka samu nama kuma, a fara da kason yara.

Dusar surfe kada ki zubar, ta akuya ce, ko ki tara ki sayar ki sayi sabulu. Ki aiko mini da zaren awon yaran ta hannun ƙanenki kafin Alhamis, akwai kwancen gidan yayanki da za a tsince musu. A gaida mai gidan.