Amsa: Yaya masu kiran matattu ke magana da su?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda masu da'awar kiran ruhin matattu ke zantawa da su. Gaskiya babu hujjar cewa mamaci na amsa musu. Sukan rage haske, su yi kamar sun fita hayyacinsu, murya ta sauya, ko a ji ƙwanƙwasa. 'Yan matan gidan Fox ne suka yayata abin a Amurka a 1848, amma a 1888 ɗaya daga cikinsu, Margaret, ta fito fili ta ce ƙarar ƙwanƙwasar daga gaɓar yatsan ƙafarta take.

Na taɓa ganin wani yana yi wa wata mata. Ya jefa magana mai faɗi yana kallon fuskarta, da idonta ya ciko sai ya bi ta nan. Duk bayanin daga bakinta ya tsinto shi. Masu sabon rashi suka fi kamawa, don Allah kada ka kai musu kuɗinka.