Leburan gini da zafin bazara: yaushe gajiya ke zama haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magini ne a Garwa. Kwanan nan wani leburana ya yanke jiki ya faɗi da azahar yana kwaɓa siminti, ya kama sambatu, muka ba shi farasitamol da zaton zazzaɓin cizon sauro ne. Yaya ake gane bugun rana, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Garwa, Marwa da Njamena, kuma mai aikin ƙarfi jikinsa ma yana ƙara nasa zafin. Da farko za ka ga gumi mai yawa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyi, amma mutum yana cikin hayyacinsa. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi lita 1 na ruwa da aka zuba wa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa.

Sambatun da ka ambata shi ne ya fi tayar mini da hankali. Da zarar mutum ya ruɗe, ko ya suma, ko ya fara jijjiga, to bugun rana ne, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jinkiri na iya lalata ƙoda ko ya jawo asarar rai, ko da yana gumi har lokacin. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A kwarara masa ruwan randa a dukan jikinsa, a yi ta fifita, a ɗora ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Idan ya suma, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa. A asibiti ne za a duba ko zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wanda shi ma lokacinsa ke nan.

Rigakafin kuwa yana hannunka, tunda kai ke tsara aikin. A fara aiki mai nauyi bayan asuba, a huta a rumfa da tsakar rana, kowa ya sha kofin ruwa duk bayan minti 20 ba sai ya ji ƙishi ba. Sabon lebura a sassauta masa a makon farko har jikinsa ya saba. Ka kuma hana shan tramol a wurin aikinka, domin yana ɓoye gajiyar da ya kamata ta sa mutum ya nemi inuwa.