Ni ne admin, amma sabar ta ce ba ni da izini

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani. Sabar ɗinmu guda ɗaya ce mai Windows Server 2019, ita ke riƙe da Active Directory, wato sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu. Da can Windows Server Backup yana kwafe System State, wato muhimman fayiloli da saitunan Windows har da Active Directory, kowane dare zuwa wani faifai na daban lafiya lau. Tun da wani ɗan kwangila ya zo ya ce ya ƙara mana tsaro, sai aikin ya riƙa tsayawa yana rubuta "System writer is not found in the backup", a Event Viewer kuma, inda Windows ke ajiye rahotanninsa, ina ganin "Access is denied". Abin da ya ɗaure mini kai, da asusun admin nake shiga. Abokina ya ce in ba Everyone cikakken iko a kan foldar Windows gaba ɗaya in huta. In yi?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka yi, Malam. A cikin foldar Windows ɗin nan akwai wata mai suna NTDS, cikinta kuma akwai fayil ɗin ntds.dit, inda Active Directory ke ajiye bayanan kalmar sirrin kowane ma'aikaci, har da taka. Akwai kuma dubban fayilolin da manhajar Windows kanta ke aiki da su, waɗanda in kowa na iya sauya su, duk wanda ya samu shiga ya mallaki sabar. Bugu da ƙari, babu maɓallin da zai mayar da izinin yadda yake in ka riga ka tumurmushe shi. Sau da yawa ƙarshen irin wannan gyara shi ne sake ɗora Windows daga tushe.

Ba kai aka hana ba. Idan ka ba da umarnin a yi ajiyar ko-ta-kwana ta System State, ba asusunka ne ke bi yana tattara komai ba. Windows yana da wani sashe mai suna VSS wanda ke ɗaukar hoton faifai yayin da ake cikin aiki da shi. Kafin ya ɗauka, sai ya tambayi wasu 'yan aike da ake kira marubuta, kowanne ya kawo jerin fayilolin ɓangarensa. Wanda ke kawo jerin fayilolin manhajar kanta shi ne System Writer. Yana zaune ne a cikin sabis ɗin Cryptographic Services, shi kuma wannan sabis yana aiki da wani asusu mai ƙarancin iko, Network Service. Kamar maigida ne ya aiki yaronsa sito ya ƙirgo buhuna: mabuɗi na aljihun maigida, amma yaron ne a bakin ƙofa, shi mai gadi ya kora. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi ita ce wane asusu aka hana, a kan wace folda.

Fara da buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ko da asusunka na cikin rukunin Administrators, tsarin tsaron Windows da ake kira UAC kan rage masa iko sai an buɗe ta haka. Sai ka rubuta:

vssadmin list writers

Za ka ga jeri. Lafiyayyen marubuci yana nuna Stable da No error. Bisa saƙon da ka turo, ina kyautata zaton ba za ka ga System Writer a jerin ba sam.

Daga nan koma Event Viewer, ɓangaren Application, ka nemi rahoto mai lamba 513 daga CAPI2. Ka karanta shi har ƙasa, don a nan mutane da yawa ke ɓata yini guda. Lamba 513 iri-iri ce. Akwai wadda ke ambaton Microsoft Link-Layer Discovery Protocol. Wannan ta zama ruwan dare tun Windows Server 2016, kuma Microsoft da kansu sun ce ana iya ƙyale ta, ba ita ke hana ajiya ba. Ita ce kuma ke fara fitowa in mutum ya bincika a intanet, sai ya yi ta fama da ita alhali ciwon na wani wuri. Wadda kake nema ita ce mai ambaton AddCoreCsiFiles tare da Access is denied. Idan ita ce, to System Writer ya kasa karanta ɗaya daga cikin foldoji biyu da ke cikin WinSxS: FileMaps, ko PendingRenames da ke ƙarƙashin Temp.

Ga inda ɗan kwangilarku ya shigo, a zatona. Network Service yana samun damar karanta waɗannan wurare ne ta hanyar rukunin Users. Masu "ƙara tsaro" kuwa suna ganin Users a jerin izini sai su cire shi, a tunaninsu ma'aikatan ofis kawai yake nufi. Niyyar mai kyau ce, amma sun kori ɗan aiken manhajar tare da su.

Kafin ka taɓa komai, adana izinin da ke wurin yanzu, ko da ɓatacce ne:

icacls C:\Windows\WinSxS\FileMaps /save D:\izinin-da.txt /t

Sannan ka karɓi mallakar fayilolin, domin na TrustedInstaller ne, wato asusun da Windows kansa ke kula da fayilolinsa da shi, ko admin ba ya iya sauya su kai tsaye:

takeown /f C:\Windows\WinSxS\FileMaps\* /a

Sai ka ba asusu uku izini da icacls /grant: SYSTEM karatu, BUILTIN\Users karatu, NT SERVICE\TrustedInstaller cikakken iko. Misalin na Users:

icacls C:\Windows\WinSxS\FileMaps\*.* /grant BUILTIN\Users:RX

Ka lura, karatu kawai, ba rubutu. Haka za ka yi wa PendingRenames. In ka gama, tsayar da sabis ɗin da net stop cryptsvc, ka tayar da shi da net start cryptsvc, ka sake duba jerin marubuta. Idan System Writer ya dawo, gwada ajiyar da hannu maimakon jiran dare:

wbadmin start systemstatebackup -backupTarget:E:

E ɗin shi ne harafin faifan ajiyarku. Ni dai nakan mayar wa TrustedInstaller mallakarsa bayan haka da icacls /setowner, saboda shi ke aiki a WinSxS duk lokacin da Windows zai sabunta kansa, ban ga dalilin barin wurin a hannun admin ba.

Akwai abin da zai iya ba ka haushi. Ka gyara yau, ajiya ta yi, gobe matsala ta dawo. In haka ta faru, ɗan kwangilar bai sauya izinin da hannu ba, ta Group Policy ya bi, wato dokokin da ake shimfiɗa wa kwamfutoci daga wuri ɗaya, ƙarƙashin Security Settings, sashen File System. Sabar mai riƙe da Active Directory tana duba dokokinta duk minti 5, dokokin tsaro kuma ana sake shimfiɗa su duk awa 16 ko ba a sauya komai ba. Rubuta gpresult /h rahoto.html ka ga dokokin da ke hawa sabar, ka gyara daga can. Yayin da kake ciki, leƙa User Rights Assignment ka tabbatar ba a cire Administrators da Backup Operators daga haƙƙin Back up files and directories ba. Mafi sauƙi ma ka kira mutumin a waya ya ba ka jerin abin da ya sauya, haƙƙinku ne tunda kun biya shi.

Idan rahoton 513 bai nuna waɗancan foldoji ba, sauke Process Monitor daga Sysinternals, kyauta ne kuma na Microsoft ne. Ka tace sakamako ya nuna ACCESS DENIED kaɗai, ka ƙara layin User, sannan ka kunna ajiyar. Zai nuna maka asusun da aka hana da ainihin fayil ɗin.

Kada ka ɗage wannan aiki. Active Directory yana da wa'adin da bayansa Windows ba ya yarda a dawo da tsohuwar ajiya, galibi kwana 180, a tsofaffin tsare-tsare kuma kwana 60. Rubuta wbadmin get versions ka ga ranar ajiyarku ta ƙarshe mai kyau. Kuma tunda sabar ɗaya kuke da ita, ka nuna wa mai kamfanin cewa faifanta na mutuwa ba mai shiga kwamfutarsa da safe, ya ƙoƙarta a samar da ta biyu. Shi ma faifan ajiyar a kulle shi, domin kwafin ntds.dit na cikinsa.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Tawa ajiyar zuwa wata folda take tafiya a kan wata na'urar ta cikin ofis. Ta yi watanni tana aiki, yanzu ita ma "Access is denied" take cewa, alhali marubutan VSS duk lafiya.
Mai karatu daga Jos

Amsa: Barka kadai. Taka ta fi sauƙi. Lokacin da aka tsara jadawalin, an shigar da sunan wani asusu da kalmar sirrinsa. Tambayi kanka ko an sauya kalmar, ko wa'adinta ya ƙare, ko mai asusun ya bar aiki an rufe shi. Sake shigar da bayanan a jadawalin, zai fi kyau da asusun da aka ware don wannan aiki kawai. In ba haka ba ne, duba izini a wuri biyu, Sharing da Security, domin wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki, kuma asusun na buƙatar ikon rubutu a duka biyun. Ka sani kuma, Windows Server Backup kwafi ɗaya tak yake bari a irin wannan folda, na yau yana hawa kan na jiya. Idan kana son na makon jiya ya tsira, haɗa wa sabar faifai nata na musamman.